Dalal Maiturare da Tsohon da Ke Jira a Mota

Yau duk wanda ke kunna talabijin da azumi a Jidda ya san fuskar Dalal Maiturare. Ita ce kakar nan mai kaifin baki a wasan bayan buɗe-baki, ita ce kuma uwar da ta sa rabin garin kuka bara. In ta shiga babban kanti a unguwar Safa, 'yan mata sai su bar kekunan sayayyarsu su zo a yi hoto. 'Yan jarida na kiranta sabuwar tauraruwa, ni kuwa in na ji haka haushi da dariya ke kama ni lokaci guda, don ni na ɗinka mata kayan wasanta na farko, kuma a lokacin iyayen waɗannan 'yan jaridar ko aure ba su yi ba. Sunana Sajida, ɗinki ne sana'ata, bango ɗaya ne ya raba gidanmu da nasu a unguwar Nuzla tun muna yara.

Kakan Dalal daga Haɗejia ya taso da ƙafa, ya yi shekaru a hanya, ya sauke farali, bai koma ba. Ubanta yana da ɗan shagon turare, shi ya sa sunan ya bi gidan. Uwarta, Inna Saudatu, tana soya gyaɗa tana ƙullawa. Ba wanda ya san inda yarinyar ta samo abin da ta samo. Baƙuwa za ta shigo gaisuwa, ta sha shayi ta fita, kafin ta kai bakin lungu Dalal ta zama ita: tafiyarta, yadda take jan mayafi, har yadda take tsaki. Inna Saudatu takan jefe ta da takalmi, amma tana jifan tana share hawayen dariya.

Da aka fara sa wasannin Turanci a talabijin, a gidansu muke kallo don su ke da akwatin. Akwai wani dattijon Bature ɗan Ingila da ke yawan fitowa, yau likita, gobe ɗan sanda, jibi hadimi a gidan masu kuɗi. Ba mu san sunansa ba, ba ma jin ko kalma ɗaya. Ni barci yake sa ni. Dalal kuwa takan matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Wata rana ta zungure ni ta ce in duba da kyau, mutumin bai ce komai ba, tabarau kawai ya cire yana gogewa, amma ita ta san mutuwa aka faɗa masa. Daga ranar ta rage damuwa da muryar mutane, ta koma kallon hannayensu da bayansu, da abin da suke yi in sun zaci ba mai ganinsu.

Ta auri Othman, direba ɗan unguwarmu, ta haifi ɗa ɗaya, Mohannad, kowa ya koma kiransu Abu Mohannad da Ummu Mohannad. Sai ta samu aiki a wata makarantar 'yan mata a unguwar Bagdadiyya. Ba koyarwa ba, shayi take kai wa malamai, ta kai takardu daga wannan ofis zuwa wancan.

Wanda bai rayu a wancan zamanin ba sai an yi masa bayani. Makarantar 'yan mata da zauren taron mata, namiji ba ya shiga, ko ubanki ne, ko mijinki. Mai gadi ma a waje yake, sai ya kira sunan yarinya da lasifika in an zo ɗaukarta. Don haka in mata za su yi wasan kwaikwayo, mace ce ke fitowa a matsayin namiji. A ƙarshen wata shekara ana shirya wasa, aka rasa wadda za ta fito a uba. Malamai suka ce girmansu zai zube, 'yan mata suka ce kunya. Dalal ta ajiye faranti ta ce ita za ta gwada.

Ni na ɗinka mata farar taguwar maza, muka sayo hula da tabarau a kasuwa. Saura mutumin da za a zuba a cikin kayan. Dalal ba ta wahalar da kanta da nema ba, wanda take kwana da tashi da shi ta ɗauko.

Dole in kwatanta muku Abu Mohannad. Dogo ne, siriri, fuskarsa kamar an aiko masa da mummunan labari. Ba ya fara magana sai ya yi tari sau biyu, na biyun ya fi na farkon tsawo. Yana tura tabarau sama da bayan yatsa. In abu ya ishe shi sai ya bugi sitiyari da tafin hannu ya ce, “Halas, halas,” wato shi ke nan. A wurinsa duk direban Jidda ban da shi sayen lasin ya yi. Ƙasan duk wannan kuwa, mutum ne da zai cire rigarsa ya ba ka, yana ba ka yana yi maka faɗa a kan me ya sa ka fito ba riga. Abu ɗaya ne ba ya ɗauka, wato a yi masa dariya. Amininsa Hatim ya taɓa kwaikwayon tarinsa a wajen wani biki, maza suka yi dariya. Abu Mohannad ya tashi ya bar wajen, ƙaramar sallah da babba suka wuce bai amsa gaisuwar Hatim ba.

To, wannan mutumin ne Dalal ta sa wa suna Ammu Abduljalil, wato Baffa Abduljalil, ta hau dandamali da shi. Ta yi tarin nan sau biyu, zauren ya kece. Shugabar makarantar, wadda ba wanda ya taɓa ganin haƙorinta, sai da aka ba ta ruwa. Daga nan aka fara aiko mata daga wasu makarantu, sai ƙungiyoyin agaji na mata, sai bukukuwan masu hali. Ta yi wasu mutanen da yawa, ta yi ungozoma, ta yi dillaliya, ta yi malamar lissafi mai mugun hali, amma ko me ta yi, a ƙarshe mata sai sun yi ta kiran Ammu Abduljalil.

Wa ke kai ta duk waɗannan wuraren? Abu Mohannad. Ya san tana wasan kwaikwayo, bai hana ba, ya ce harkar mata ce. Zai ajiye mu a ƙofa, ni da jakar kaya, ita da abayarta, ya nemi gefen bango ya yi fakin ya jira. In an tashi mata na fitowa, sai su hango shi a mota yana tura tabarau da bayan yatsa, su toshe baki da mayafi suna zungurar juna. Ya lura, ai ba makaho ba ne. Ya yi tunani ya yi tunani, ya yanke hukunci cewa tsufan motarsa suke yi wa dariya. Ya kai ta aka yi mata sabon fenti. Dariya ba ta tsaya ba, ya sayar ya sayi wata. Ranar da ya gaya mana haka muna cikin motar, na ciji gefen mayafina har na huda shi.

Maza na cewa mata ba sa riƙe sirri. Sama da shekara talatin matan Jidda suna riƙe da wannan. Ƙanwarsa ta gani, uwarsa ma kafin ta rasu ta gani, ta yi dariya har aka riƙe ta, ta koma gida ta zuba masa shayi ba ta ce uffan ba.

Sai zamani ya juya. Aka buɗe gidajen wasa, maza da mata suna zama wuri guda, mace na hawa dandamali a gaban kowa. A lokacin Dalal ta yi ritaya, sun koma Safa wajen Mohannad, gwiwa ta fara ciwo, ta ɗauka nata ya wuce. Wata rana ina can muna tsinke zaren wata riga, sai ga wata yarinya mai suna Raghad. Jikar Hausawa ce, tana jin Hausa amma in za ta mayar sai Larabci. Ta yi karatun shirya wasa a Landan. Ta ce ta ga manyan 'yan wasa a can, an yi mata bayanin kowannensu, amma wanda ya fi tsaya mata a rai shi ne wani tsohon direba da ta gani a wasan makaranta tana aji huɗu a Bagdadiyya, wato Ammu Abduljalil. Tana so ta kai shi babban gidan wasa, Dalal ita kaɗai a dandamali, ba gemun roba, hula da tabarau kawai. Masu talabijin ma za su zo su ɗauka.

Na dubi Dalal. Na san abin da take tunani, don ni ma shi nake tunani. Wannan ita ce ƙofar da ta jira tun tana manne da gilashin talabijin, amma duk wanda ya sayi tikiti zai iya shiga, har da mai tarin. Ta ce a ba ta lokaci. Da Raghad ta fita ta ce da ni, in ya gani, ba sakinta take tsoro ba, sun wuce nan. Tsoronta ya dube ta ya ga cewa duk shekarun da yake zaune a rana yana jiranta, ita tana ciki tana sa duniya yi masa dariya. Ta ce mutumin da ya yi wa Hatim fushin sallah biyu, ita ba ta san nawa zai yi mata ba, kuma ba su da sauran shekarun da za su zubar.

Ta yi fatan ya hana, ta huta. Da ta gaya masa zancen babban gidan wasa, ya yi tari sau biyu, ya ce shekara talatin yana jin tafi ta bayan katanga, yanzu Allah ya kawo ranar da zai ga abin da ake tafa wa. Washegari ya je ya auna sabuwar taguwa. Bai tsaya nan ba, ya koma Nuzla ya gayyato duk 'yan majalisarsu da suke shan shayi tare a bakin lungu, har da Hatim.

Aka fara gwaji. Dalal ta yi dabara, ta cire tarin, ta cire tabarau, ta gajarta tsohon, ta ba shi ƙiba da fara'a. Abin da ya fito ba kowa ba ne. Ni da ke zaune da allura a hannu hamma na yi. Raghad ta yi haƙuri na ɗan lokaci, sannan ta gaya mata cikin ladabi, tana kiranta Khala, wato inna, cewa ko a dawo da Ammu Abduljalil na gaskiya ko a fasa, don wannan ba wanda zai zauna ya kalle shi.

Na ce da Dalal ta gaya wa mijinta kawai, a wuce wurin. Ta gwada, ina bayan mota ina ji. Ta ce, “Abu Mohannad, akwai wani tsoho a wasan nan, yana ɗan kama da kai.”

Ya ce, “Duk tsofaffi kama suke.” Ya danna wa wani mai tasi oda, zancen ya mutu a nan.

Bayan wannan ta dawo da tsohon yadda yake, tarinsa da komai. Amma ta roƙi Raghad su rufe ƙofa su biyu, ta ce akwai abin da za ta ƙara a ƙarshe. Ni ma aka kore ni, ni da na san faɗin kafaɗarta fiye da uwar da ta haife ta. Na ji haushi, kuma na faɗa mata.

Ranar wasan Juma'a ce, bayan la'asar. Abu Mohannad ya ajiye mu a ƙofar baya, ya yi fakin, ya shiga ta babbar ƙofa da sabuwar taguwarsa kamar ango. Na taimaka mata ta shirya. Na leƙa ta gefen labule. Zaure ya cika, ga tsofaffin ɗalibanta da mazajensu da 'ya'yansu, ga na'urorin talabijin, ga 'yan majalisar Nuzla a jere kusa da gaba, shi a tsakiyarsu ya miƙe wuya.

Ta fito a matsayin matar direba tana ba da labarin mijinta. Sai ta juya baya, ta sa hula, ta sa tabarau, ta juyo. Na rantse tsawo ta ƙara. Ta yi tari, ta yi na biyun mai tsawo.

Mata suka ɗau shewa, don tsohon saninsu ne ya dawo. Maza suka biyo baya. A layin 'yan Nuzla kuwa sai da aka ɗan yi tsit, sannan Hatim ya dubi dandamali, ya dubi na kusa da shi, ya sake duban dandamali, ya kife a kan gwiwarsa kafaɗunsa na rawa. Sauran suka bi. Mutanen baya suka fara miƙa wuya suna nuna shi. Abu Mohannad ya ɗaga hannu zai tura tabarau, a daidai lokacin Dalal ta tura nata da bayan yatsa. Ya sauke hannun a hankali ya ɗora a cinya. Daga nan bai sake motsi ba. Ina kallon fuskarsa ina ganin yana harhaɗa abubuwa, matan bakin ƙofa, fentin mota, motar da ya sayar. Na ce a raina shi ke nan, mun gama.

Ita kuwa ba ta taɓa yin wasa irin na ranar ba. Ta yi faɗa da direbobin Jidda, ta bugi sitiyarin da babu, ta ce halas halas, mutane na share hawaye. Ta san yana gani, ba ta rage komai ba.

Sai aka rage fitila, aka bar kujeru biyu a jere. Tsohon ya ajiye matarsa a ƙofar makaranta, ya yi fakin. Daga nan Dalal ta koma wasa da jiki kawai. Tsohon ya kashe mota, ya zauna cikin zafi, gumi na zuba yana sharewa. Ya ciro tawul ya shimfiɗa a kujerar matar don kada rana ta gasa ta. Ya ji tafi daga bayan katanga, ya ɗaga kai, fuskarsa ta saki, ya ɗan tafa shi ma a kan cinyarsa, sannan ya waiga ko wani ya gan shi. Da ya ga an kusa tashi ya kunna na'urar sanyi, ya juya duk iskar wajen kujerarta, ya riƙe gorar ruwa a bakin iskar yana jujjuyawa. Ya hango ta tana tahowa. Ya yi maza ya ɓoye tawul, ya ajiye gorar kamar mantawa aka yi da ita a wurin, ya haɗe rai. Ya yi tari sau biyu ya ce, “Kin daɗe.”

Daga baya ta gaya mini wata rana ce, shekaru da yawa da suka wuce, ta fito ta ƙaramar ƙofa neman abin da ta manta, ta hango shi yana wannan, ta koma ciki ba ta bari ya gan ta ba. Ni da nake shiga motar kullum ban taɓa tambayar kaina yadda ruwa ke sanyi a motar da ta wuni a rana ba.

Ba wanda ya yi dariya. Wata mata a bayan 'yan Nuzla tana ta jan hanci, Hatim ya rufe fuska da rawaninsa. Sannan zauren ya miƙe tsaye gaba ɗaya. Aka yi ta tafi, ta shiga aka sake kiranta, ta sake shiga aka sake kiranta. Na yi kuka ban ɓoye ba, don na san ranar nan 'yar mai gyaɗa ta kai inda ta nufa. Raghad ta shigo da gudu tana cewa masu talabijin na son magana da ita yanzu yanzu. Dalal ba ta ji ta ba, ta labule take leƙe. Kujerarsa ba kowa.

Ta ce da Raghad su jira gobe. Ta ja abayarta, na ɗau jaka, muka fita ta ƙofar baya. Rana ta yi ƙasa amma zafin Jidda bai sauka ba. Motar na gefen bango inda ya bar ta, yana ciki, yana kallon gaba. Dalal ta tsaya riƙe da murfin ƙofa, na ji tana karanta wani abu a ƙasan numfashinta, sannan ta buɗe. Sanyi ya bugo mu. Gorar ruwa na nan a gefen kujerarta, jikinta duk raɓa. Tawul ɗin kuwa bai ɓoye shi ba, yana shimfiɗe a kujerar, sai da ta ɗauke kafin ta zauna.

Muka shiga. Bai dube ta ba. Ya yi tari, ya yi na biyun.

“Kin daɗe,” in ji shi.

Ta ce, “Abu Mohannad, ka yafe mini.”

Ya ja mota muka hau titi, muka yi tafiya mai nisa, har wani ya yanko gabansa bai ce masa kanzil ba, abin da ban taɓa gani ba. Sai da jar danja ta tsayar da mu ya miƙa hannu ya ɗauki hular wasan daga cinyarta. Ya jujjuya ta, ya dubi ɗinkin, ya taɓe baki.

“Shekara talatin kina sa wa mutum wannan? Ni yaushe na taɓa sa hular kasuwa, ya Ummu Mohannad?”

Ya cire ta kansa, wadda ya saya don wannan rana, ya ɗora mata a tafin hannu. Danja ta ba da hannu, na baya suka fara oda, shi kuwa yana zaune kai ba hula yana goge tabarau da gefen sabuwar taguwarsa. Ya mayar da su, ya tura da bayan yatsa, ya bugi sitiyari.

“Yalla, halas. Gobe ƙarfe nawa zan kawo ku?”